Babi na Biyar: Turken Sabo da Yadda Ake Tuge Shi

Hausawa sun ce sabo turken wawa, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a karar Wudil ranar Juma'a ya san abin da turke yake yi wa dabba, domin bijimin da ƙarti huɗu ba sa iya riƙewa sai ga shi tsaye a gindin ɗan guntun icce, yana kewaya shi iya tsawon igiyarsa. Karin maganar ta faɗi gaskiya game da ƙarfin sabo, amma ta yi tsauri da ta kira ɗaurarren wawa, saboda turken nan yana riƙe da malami da ɗan kasuwa da matar aure da ɗalibi, waɗanda babu mai shakkar hankalinsu a sauran al'amura. A wannan babi kalmar sabo tana nufin duk aikin da mutum ya maimaita har ya zama yana yin sa ba tare da ya yi shawara da kansa ba, kamar cin goro bayan abinci ko zaro waya daga aljihu da zarar an zauna. Kamu kuwa, wanda wasu ke kira jaraba, shi ne sabon da ya kai matsayin da mutum yake ganin cutarwarsa ƙarara a jikinsa da aljihunsa da iyalinsa, yana kuma son bari, amma ya kasa.

Wudil tana kimanin kilomita 40 kudu maso gabas da birnin Kano, a kan babbar hanyar da ta nufi Maiduguri, kuma abubuwa uku ne suka raya ta tun kafin zuwan jami'ar kimiyya da fasaha a 2001, wadda aka sauya wa suna zuwa ta Aliko Dangote a 2022: kogi da hanya da kasuwa. Dukkan ukun suna ciyar da mutum ne da ƙarfin jikinsa. Mai haƙar yashi yana wuni cikin ruwa yana cika kwalekwale, ɗan dako yana loda shanu da buhuna a manyan motocin da za su yi kudu, direba kuma yana kwana a kan sitiyari. Ta wannan ƙofa ce ƙwayar tiramadol, wadda ake kira tiramol a tasha, ta fi shiga garuruwa irin wannan a faɗin Arewa, kuma mai shanta na farko ba buguwa yake nema ba, so yake ya kashe ciwon baya da gajiya ya ƙara awa biyu a bakin aiki. Maganin ciwo ne na gaskiya wanda likita ke bayarwa a ma'aunin miligiram 50 ko 100, amma wanda ake shigowa da shi ta ɓarauniyar hanya yakan kai 225 a ƙwaya ɗaya, alhali iyakar abin da aka yarda babba ya sha a yini guda 400 ne. Sanin wannan mafari yana da muhimmanci, domin wanda ya fara sha don neman abinci ba zai ji wa'azin da aka shirya wa mai neman nishaɗi ba.

Girman matsalar ya fito fili a binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a Janairun 2019. Binciken ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da wani abin sa maye, ban da giya da taba sigari, a shekarar da ta gabaci ƙirgen, cewa miliyan 10.6 daga cikinsu tabar wiwi suka sha, miliyan 4.6 kuma magungunan kashe ciwo irin su tiramadol, sannan ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. Jihar Kano ta tashi da kashi 16 cikin ɗari. Kafin wannan rahoto, a farkon watan Mayun 2018, gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, kwana ɗaya bayan BBC ta nuna binciken da ta yi a kan cinikinsa. Hanin ya yi amfani, kuma hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, tana ci gaba da kame, sai dai doka tana iya ɗauke kwalba daga kanti ne kawai, ba ta iya ɗauke ƙawar da ta riga ta zauna a ƙirjin mai sha, wanda sau da yawa yakan koma ga wani abin da ya fi arha ya kuma fi illa.

Masu nazarin ƙwaƙwalwa sun raba kowane sabo gida uku. Na farko shi ne abin da ke tayar da shi, wanda za a kira ƙyastu a nan, da sunan ƙarfen da mutanen da can suke bugawa su tayar da wuta: yana iya zama wuri, ko lokaci, ko fuskar wani aboki, ko wani yanayi na zuciya kamar ɓacin rai da kaɗaici. Na biyu shi ne aikin kansa, na uku kuma ladan da jiki ke samu. Idan aka yi ta maimaita ukun a jere, wani sinadari mai suna dofamin, wanda ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke aika wa juna saƙo da shi, sai ya koma zuba tun a lokacin da aka ga ƙyastun, kafin a kai ga ladan, kamar yadda Wolfram Schultz ya nuna a gwaje-gwajensa na shekarun 1990. Wannan zubar ita ce ƙawa. Kent Berridge na Jami'ar Michigan ya ƙara da cewa hanyar so daban take da hanyar jin daɗi a cikin ƙwaƙwalwa, kuma a jikin wanda ya kamu ta farkon tana ƙara kauri yayin da ta biyun ke dusashewa. Saboda haka idan tsohon mashayi ya rantse cewa ya daina jin daɗin abin tun shekaru amma ƙafarsa tana kai shi, gaskiya yake faɗa. Binciken Wendy Wood da abokan aikinta na 2002 ya gano cewa kusan kashi 43 cikin ɗari na ayyukan yini mutum yana yin su ne a wuri guda kullum, hankalinsa yana wani wajen, kuma a cikin wannan kason da ba a kallo sabo yake ɓuya.

Maganar da aka fi jefa wa wanda ya kamu a gida da majalisa ita ce ba shi da zuciya, kuma da ya so bari da ya bari. Watan Ramadan yana ƙaryata wannan zargi kowace shekara a idon kowa. Mutumin da a watan Sha'aban ba ya iya awa ɗaya bai kunna sigari ba, da tsohon da goro ba ya barin bakinsa, har da da yawa daga cikin masu shan ƙwaya, sukan kame kimanin awa 13 a kullum har kwana 29 ko 30, a wasu shekarun ma cikin zafin bazara, ba tare da ɗan sanda ko ɗan Hisba a kansu ba. Ashe zuciyar tana nan. Abin tambaya shi ne dalilin da ya sa take aiki da rana ta kuma sake da an sha ruwa, da dalilin da ya sa mafi yawa suke komawa gidan jiya kafin a gama azumin Sitta Shawwal.

Idan aka dubi azumi da idon mai nazarin sabo, za a ga ya tattara sharuɗɗan da mai ƙoƙarin bari shi kaɗai yakan rasa. An ƙulla niyya tun da dare, lokacin da ƙawa take kwance, saboda haka da rana babu sauran shawara, kuma abin da aka rufe ƙofar shawararsa ba ya jan zuciya kamar wanda ake ta ciniki a kansa. An yanka wa haƙurin iyaka sananniya, daga alfijir zuwa faɗuwar rana, kuma rai yana iya ɗaukar wahalar da ya san ƙarshenta. Gari gaba ɗaya ya sauya: mai shayi ya kife kofunansa, teburin mai sigari a rufe, abokin da ya saba miƙo kara shi ma bakinsa a bushe, wato an kwashe ƙyastu daga hanya. A bisa duka, mai azumi yana sane da bakinsa, yana lura da abin da ke shiga cikinsa har lokacin kurkure baki a alwala. Da an kira magariba sai uku daga cikin huɗun nan su faɗi a lokaci guda, a bar mutum da ƙarfin zuciya tsirara a gaban tebur ɗin da aka buɗe, kuma a irin wannan karo sabo ne ya fi yin nasara.

Binciken zamani ya zo daidai da wannan. A 2012 Wilhelm Hofmann da abokan aikinsa sun bi mutum 205 a birnin Würzburg na Jamus tsawon mako guda, ana tambayarsu sau bakwai a rana ko akwai abin da ransu ke so a wannan lokaci da kuma ko suna kokawa da shi. Waɗanda aka sani da kamun kai sun fi kowa ƙarancin kokawa, domin sun tsara rayuwarsu yadda ba sa yawan haɗuwa da abin da zai ja su. Tun 1987 kuma Daniel Wegner ya nuna cewa wanda aka umarta kada ya tuna wani abu, tunanin abin yakan dawo masa da ƙarfi fiye da wanda ba a hana ba, saboda mai gadin tunani dole ya riƙa leƙa abin da yake gadi. Hukuncin da ya fito daga nan shi ne cewa ƙarfin zuciya dukiya ce da ya kamata a kashe da safe wajen zaɓen hanya da abokin zama, tun kafin ƙawa ta taso, maimakon a ajiye ta don dambe da dare.

Babu shaidar da ta kai ta sojojin Amurka a Biyetnam ƙarfi a wannan batu. A 1971 gwamnatin Amurka ta firgita da yawan sojojinta masu shan hodar heroyin, ta ɗora wa Lee Robins bin sawun waɗanda suka dawo gida. Kusan ɗaya cikin biyar sun ce sun kamu a can, amma a cikin shekarar farko bayan dawowa kimanin kashi 5 cikin ɗari ne kawai na waɗanda suka kamun suka sake kamuwa, a cikin shekara uku kuma kashi 12. Jikinsu bai sauya ba, abin da ya sauya shi ne wuri da abokai da fargabar yaƙi da arhar hodar. Musulmin Wudil ya san wannan hikima ta wata hanya, a hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito na mutumin da ya kashe rai ɗari, wanda malamin da ya buɗe masa ƙofar tuba ya haɗa masa da umarnin barin garinsu zuwa garin mutanen kirki. Hausawa kuma sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Sai dai a nan akwai wahalar da bai kamata a raina ba, domin mai haƙar yashi ba zai yi hijira daga kogin da ke ciyar da 'ya'yansa ba, ɗan kamasho ba zai bar tasha ba, matar da take shan maganin tari a ɗakinta kuwa ƙyastunta shi ne ɗakin kansa da dogon yinin da take yi a cikinsa. Irin waɗannan suna iya sauya ƙananan abubuwa, kamar hanyar da suke bi zuwa aiki, da majalisar da suke zama bayan isha'i, da wanda ke riƙe musu kuɗin yini, amma babban ƙyastun yana nan, kuma dole su koyi zama kusa da shi.

A nan ne lura take shigowa. Lura a wannan ma'ana ita ce mutum ya halarto da hankalinsa ga abin da ke gudana a jikinsa da zuciyarsa a daidai lokacin da yake gudana, ba tare da ya bi shi ba kuma ba tare da ya kore shi ba. Malaman tarbiyya sun daɗe da saninta da sunan muraƙaba, kuma Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya keɓe mata littafi guda a cikin Ihya'u Ulumiddin, wanda har yau ake karantawa a zaurukan Kano. Misalin da ya gina bayaninsa a kai na 'yan kasuwa ne, kuma duk wanda ya taɓa ba wa wani jari ya tafi kara zai gane shi: hankali shi ne mai dukiya, rai kuma abokin cinikin da ba a amince masa gaba ɗaya ba, don haka ana gindaya masa sharaɗi da safe, a sa masa ido da rana, a yi lissafi da shi da dare. Abin lura a wannan tsari shi ne sa idon ya fi komai tsawo, kuma aikinsa gani ne, hukunci yana zuwa daga baya.

Alan Marlatt na Jami'ar Washington, wanda ya shafe shekaru yana nazarin dalilin komawar masu bari, ya iso kusa da wannan wuri ta hanyar asibiti. Ya lura cewa wanda ya kamu yana ɗauka ƙawa za ta yi ta hauhawa har ta kashe shi idan bai biya mata ba, alhali a zahiri tana tasowa ta kai ƙololuwa ta sauka da kanta, galibi cikin ƙasa da rabin awa, kamar yadda kogin Wudil ke cika bayan ruwan sama ya kuma janye ba tare da kowa ya kwashe shi ba. Abin da ya koya wa marasa lafiyarsa shi ne su zauna su bincika ƙawar kamar baƙon abu: a ina take a jiki, a maƙogwaro ko ƙirji ko tafin hannu, zafi ce ko matsi, tana ƙaruwa ko tana raguwa, wane tunani ne ya rako ta, sannan su mayar da hankali ga numfashi duk lokacin da ta nemi kwashe su. Duk ƙawar da ta zo ta wuce ba a ciyar da ita ba tana sassauta igiyar da ke tsakanin ƙyastu da aiki. Umarnin da ya zo a hadisi ga mai fushi, cewa ya zauna idan yana tsaye ko ya yi alwala, yana aiki ta wannan fuska, domin yana sanya tazara tsakanin tasowar abu da aikata shi. Mutumin da ke tsayawa salla sau biyar a rana yana da wuraren tsayawa biyar da aka riga aka gina masa, waɗanda zai iya tambayar kansa a cikinsu halin da ƙirjinsa ke ciki.

An gwada wannan hanya da ma'aunin kimiyya. A gwajin da Judson Brewer ya yi a Jami'ar Yale a 2011 da masu shan sigari 88, kashi 31 cikin ɗari na waɗanda aka koya wa lura suna nan ba su koma ba a mako na 17, a kan kashi 6 na waɗanda suka bi tsarin da aka saba. A 2014 Sarah Bowen da abokan aikinta sun bi mutum 286 da suka gama jinyar shaye-shaye, suka ga cewa bayan shekara guda waɗanda suka koyi lura sun fi sauran ƙarancin kwanakin sha. Gwajin farko ƙarami ne, kuma ko a cikinsa kusan bakwai cikin goma sun koma, saboda haka wanda ya sayar da lura a matsayin maganin ƙarshe ya yi ƙari. Abin da za a iya tsayawa a kai shi ne tana ƙara yawan masu tsira, ba ta cin ko kwabo, kuma ba ta buƙatar mutum ya iya karatu.

Marlatt ya kuma bayyana abin da ke mayar da tuntuɓe ɗaya faɗuwa gaba ɗaya. Wanda ya yi wata biyu bai sha ba, ranar da ya zame sau ɗaya sai ya yanke wa kansa hukunci cewa hali zanen dutse ne, tunda ya ɓata to ya ɓata, kuma wannan yanke ƙauna ce take kai shi ga kwalba ta biyu da ta goma. Malamai sun bambanta rai mai zargin kansa, wanda ke ganin kuskure ya koma kan hanya, da ɗebe tsammani daga rahamar Allah, wanda suka lissafa cikin manyan zunubai, kuma a aikace tazarar da ke tsakanin biyun ita ce tazarar da ke tsakanin mai warkewa da mai nutsewa. Binciken Phillippa Lally a Landan, wanda ya bi mutum 96 masu ƙoƙarin kafa sabon hali mai sauƙi, ya gano cewa matsakaicin lokacin da hali ke ɗauka kafin ya zauna kwana 66 ne, wasu 18 wasu har 254, kuma tsallake rana ɗaya bai rushe ginin ba. Lissafin ya nuna cewa wata ɗaya na azumi mafari ne mai kyau wanda bai kai rabin hanya ba ga yawancin mutane.

Akwai iyakar da niyya da lura ba sa ƙetarewa, kuma ɓoye ta zalunci ne. Jikin da ya daɗe yana karɓar tiramadol ko kodin yakan sake tsarinsa a kansu, idan aka yanke masa sai ya shiga abin da za a iya kira ciwon yaye: zufa, gudawa, ciwon gaɓoɓi, rashin barci da firgici na kwanaki. Tiramadol mai yawa yana jawo farfaɗiya, kuma yanke ƙwayoyin sa barci irin su roci da diyazefam farat ɗaya yana iya jawo jijjiga mai kisa, saboda haka likita ne ya kamata ya riƙa rage su sannu a hankali. Sau da yawa kuma a ƙarƙashin shan akwai wata cutar da ba a gano ba, kamar ciwon damuwa ko ciwon baya na gaske, wadda idan ba a yi maganinta ba za ta sake tura mutum kemis. Asibitin masu taɓin hankali na Dawanau da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano suna karɓar irin waɗannan, kuma daga Wudil tafiyar yini ɗaya ce zuwa da dawowa. Iyaye da yawa, cikin ƙauna da gajiya, sun zaɓi gidan mari a maimakon haka, har zuwa Satumban 2019 da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa da tabon duka, aka kuma sake ganin irinsa a Daura wata guda bayan nan. Ko da an ajiye maganar azaba, mari yana hana hannu kaiwa baki ne kawai, ba ya koya wa ɗaurarre komai game da ƙawarsa, domin bai taɓa samun damar ganin ta zo ta wuce alhali yana da ikon biya mata ba.

Saboda wannan dalili makonnin farko bayan dawowa gida, daga asibiti ne ko daga cibiyar gyaran hali ta Kiru, sun fi kwanakin jinyar kansu haɗari. Jiki ya rage jure abin, ta yadda adadin da mutum ya saba sha a da yana iya kashe shi yanzu, ga shi kuma ya sauka a tashar da ya sani, ya bi ta gaban kemis ɗin da ya sani, abokan da suka yi kewarsa suna jiran su yi masa barka da zuwa. Aikin dangi a wannan lokaci ya fi na tsaro yawa: wani ƙane ko kawu da zai raka shi bakin aiki ya dawo da shi, sana'ar da za ta cika masa tsakanin la'asar da isha'i, abinci da barci a kan lokaci, da mutum ɗaya aƙalla wanda zai iya gaya wa cewa yau abin ya taso masa ba tare da an tara masa jama'a ba. Mace ta fi rasa wannan na ƙarshe, domin a wurinta fallasa tana iya zama saki ko rasa manemi, shi ya sa takan kai shekaru tana sha a ɓoye kafin kowa ya kai ta gaban likita, ko da yake ita ce ɗaya cikin huɗun da binciken 2019 ya ƙirga.